Ladan a Gonar Inabi

Tun da na dawo daga Italiya ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a wurin suna tambaya, ranar kasuwar Magarya kuwa ko buhu ban sauke ba sai an tare ni. Wani so yake ya ji ko gaskiya ne ba su san tuwo ba, wani ko jirgin sama yana da banɗaki. Akwai kuma masu kewaye-kewaye, su tambayi sanyi su tambayi hanya, alhali abin da ke cinsu shi ne me ya sa yanzu ba muryata ake ji a masallacinmu ba. To na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ƙara masa gishiri ya kai gaba. Ga shi nan tun daga farko, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Sunana Idi, manomin wake ne ni a wani ƙauye kusa da Yekuwa, kuma na yi shekara ashirin da biyu ina ladanci a garinmu. Limamin, Malam Habu, wana ne uba ɗaya, Yaya Malam nake ce masa. Wani furoje, wato shirin tallafi, da ke aiki da ƙungiyarmu ta manoma ne ya zo da maganar. Wai akwai wani yanki a Italiya da ake kira Umburiya, su ma suna noma wani wake ɗan'uwan namu, suna son manomi ɗaya ya je ya kwana goma a gidan manominsu a ga juna. 'Yan ƙungiya suka nuna ni, don ni ke ajiye tsofaffin iri a tulu da toka tun na mahaifinmu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Yaya Malam bai yi murna ba. Bayan sallar la'asar ya tsayar da jama'a, ya ce ya ji labarin ƙasar nan, giya ce ruwan shansu, alade ne naman miyarsu. Ya ce bai hana ni ba, ni ba yaro ba ne, furfura ma na kusa kamo shi.

"Amma bakin da ke kiran mutane salla, yadda ka tafi da shi haka muke so ka dawo da shi," in ji shi. "In ka dawo zan tambaye ka a nan, gaban mutanen nan. In giya ko alade ya shiga bakinka, ka ajiye ladanci da kanka."

Na ce na yarda, har da ɗaga murya, don raina ya ɗan ɓaci da ya yi mini haka a bainar jama'a. Amma tun daga ranar barcina ya ragu. Ni ba mai dukiya ba ne, ba malami ba, abin da aka san ni da shi ke nan a garin. Sai na yanke shawara a raina: kwana goman nan ba zan ci komai nasu ba. Mai ɗakina Hauwa ta shirya mini ƙuli-ƙuli da garin rogo da yaji, da na isa Damagaram kuma na sayi kilishi har ya kusa cinye rabin jakata.

Ƙarshen damina muka tashi, gero ya nuna, na bar wa manyan 'ya'yana girbi ina ta waiwaye. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Magarya, sau biyu muna sauka muna tura babur a caɓi. Can na haɗu da abokiyar tafiyata, Madam Hadiza, ma'aikaciyar gona, wadda za ta riƙa yi mini fassara, don Faransancina na kasuwa ne, bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Mace ce mai kaifin baki. Ta ɗaga jakata ta ajiye, ta tambaye ni ko shago zan buɗe a Turai. Daga Damagaram zuwa Yamai muka wuni cur a kar, babbar motar fasinja, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Jirgi kuwa ba abin da zan ce a kansa sai cewa na yi salatin da ban taɓa yin irinsa ba, abincin da aka kawo a rufe kuma na mayar da shi a rufe.

A Roma wahala ta fara. Ɗan sandan kan iyaka ya ce in ɗora yatsu kan wani gilashi. Na ɗora, injin ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Mutumin ya dubi fasfo ya dube ni, ya kira wani, layi ya tsaya a bayana, na ce shi ke nan, daga nan za a juya ni gida a yi ta yi mini dariya har in mutu. Na biyun ne ya kama hannuna ya juya tafin, ya yi murmushi, ya ce wani abu. Madam Hadiza ta ce cewa ya yi hannun kakansa ma haka yake, hauya ta cinye zanen. Ya sa na hura wa yatsun iskar baki na goga a goshi, sannan injin ya karɓa.

Ban gama ajiyar zuciya ba sai ga 'yan duwan, masu binciken kaya, da kare. Karen nan ya wuce jakar kowa ya zo ya zauna gaban tawa. Aka buɗe, aka zaro kilishina ƙunshi-ƙunshi, aka ce ba a shiga da nama ƙasarsu, ko na wane ne. Na yi magiya, na ce busasshe ne, na ce halal ne, Madam Hadiza tana taka mini ƙafa in yi shiru. A gabana aka zuba shi a kwandon shara. Wallahi hawaye suka ciko mini. Aka bar mini ƙuli-ƙuli bayan wata ma'aikaciya ta gwada fasa ɗaya da hannu ta kasa.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani ƙaramin gari kusa da wani babban tafki, Tarasimeno. 'Yar mai masaukinmu, Kiyara, ita ta zo ɗaukar mu, ita ce mai jin Faransanci a gidan. Ta miƙo hannu, na dafe ƙirji na rusuna, ta gane ba ta ji haushi ba. Ubanta ne ya shammace ni. Jino sunansa, tsoho gajere mai ɗingishi, kafin in yi sallama ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu dama da hagu. Na sandare a tsaye, Madam Hadiza ta juya baya kafaɗunta na rawa. Matarsa Asunta ta fito tana goge hannu a zane, 'yar tsohuwa ƙarama, ta haura saba'in, ta dube ni sama da ƙasa ta ce da 'yarta wai na rame.

Gidan na dutse ne, sun ce ya girmi kakan kakan Jino. Ina neman wurin alwala na buɗe wata ƙofa a ƙasan bene, sai ga cinyoyin alade rataye a jere a rufin ɗaki, yadda muke rataye zangarniyar iri. Na ja ƙofar da sauri na yi a'uziyya. Amma a banɗaki na tarar da abin da ban zata ba: kusa da masai akwai wata 'yar kujerar tangaram mai famfo, ta tsarki ce zalla, kuma aka ce kowane gida akwai. Nan na ce ashe akwai abin da muka haɗu a kai da mutanen nan.

Abinci shi ne yaƙin. Ku dai kun san yadda muke yi: baƙo a kai masa akushi masaukinsa, a ajiye, a ja masa ƙofa. Ya ci ko bai ci ba, tsakaninsa da Allah, in kwano ya dawo a rufe ba mai tambaya. A kan wannan na dogara. Ashe su ba haka suke ba. Kowa da kowa a tabur ɗaya, mace da namiji, mai gida na fuskantar ka, uwar gida kuma ba ta ma zama, tana tsaye a kanka da ludayi tana kallon bakinka. Kuma abincin ba zuwa ɗaya yake yi ba. A kawo yankakken nama da cuku, a ɗauke, a kawo taliya, a ɗauke, a kawo wani naman, a kawo ganye, a kawo 'ya'yan itace, ga kwalbar jan giya a tsakiya kamar butar shayi. Ni kuwa burodi kawai nake gutsura, shi ma lami, ba gishiri ko kaɗan. Kiyara ta ce haka burodin yankinsu yake, wai kakanninsu ne suka yi fushi da harajin gishiri suka daina sawa, fushin kuma har yau bai huce ba.

Kwana uku ina haka. A tabur in ce alhamdu lillahi na ƙoshi, a ɗaki in jiƙa garin rogo in tauna ƙuli-ƙuli a hankali don kada a ji ƙara. An kawo kifin tafki, na yi murna, na sa aka tambaya, aka ce an ɗan ɗiga farar giya a romon. An kawo taliya da wani baƙin abu da aka kankare a kai, mai tsada ƙwarai, na tambaya, aka ce a ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kare ne ke tono shi. Na ce a gafarce ni. Rana ta uku na lura kwalbar giya ta ɓace daga tabur, Jino na shan ruwa fuska a murtuke. Asunta ta ɗauke farantina yadda ta kawo shi, ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Madam Hadiza ta ja ni waje ta wanke ni tas. Ta ce tsohuwar nan kuka take yi. Ta ce tun kafin mu zo ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi saboda ni, yanzu kuma ta hana mijinta giyarsa a tabur, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu. Ta ce ita ma Musulma ce, tana tambaya tana zaɓa tana ci, ni ne na fi kowa tsoron Allah? Ta tambaye ni in baƙo ya yi wa Hauwa haka kwana uku, me zan kira shi. Na san sunan da zan kira shi.

Kiyara ce ta kawo dabara. Ta ce in shiga madafa in tsaya, in ga komai da idona. A garinmu namiji ya tsaya kan tukunyar matar wani yana sansana kayan miyarta, ai zagi ne, sai an kai ga mai gari. Asunta kuwa da kanta ta riƙa miƙo mini kwalabe ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. Ta ɗebo wakensu, fajolina suke ce masa, ƙanana-ƙanana, wani fari, wani ja, wani mai baƙin ido. Na zuba a tafin hannu, sai na ji kamar na ga ɗan garinmu a tasha, wakenmu ne sak. Ta dafa shi da ruwa da gishiri da tafarnuwa, ta kwarara masa man zaitun na gonarsu, kore shar, mai ɗan kartar maƙogwaro, ta zuba a kan gasasshen burodi. Na yi bismilla na ci faranti uku. Tsohuwar nan ta tsaya tana kallona tana share ido da bayan hannu, ni ma kunya ta hana ni ɗaga kai. Daga ranar kullum tare muke girki, har Madam Hadiza ta soya musu ƙosai da man zaitun, Jino ya ci goma sha biyu ina ƙirgawa.

An yawata da mu. A Feruja, babban birninsu, aka nuna mana wata rijiya da aka ce an gina ta tun kafin haihuwar Annabi Isa, dutse kan dutse, har yau da ruwa. Ni da na san yadda rijiyarmu ke ruftawa duk bayan 'yan shekaru, na daɗe a wurin har aka zo aka ja ni. A wani gari kan tudu, Asizi, aka kai mu majami'ar wani waliyyinsu da aka ce ya taɓa zuwa Masar ya zauna da sarkin Musulmi suka rabu lafiya. Na tsaya daga bakin ƙofa, na leƙa zane-zanen bango, ban shiga ba. A ƙauyensu kuma kullum ƙararrawa na kaɗawa safe da rana da yamma, sai na ce a kai ni in gaida mai kaɗa ta, tun da aikinmu ɗaya. Kiyara ta ce ya rasu da daɗewa, yanzu inji ne ke bugawa da agogo. Abin ya tsaya mini a rai, na tuna Malam Sale da na bar wa kiran salla, mutumin da ko zakara ya fi shi riƙe lokaci.

Gonar wake kuwa nan ne ni da Jino muka daina buƙatar fassara. Ya nuna mini kwanso, na nuna masa wanda tsutsa ta huda, ya kaɗa kai, na kaɗa kai. Su ma nasu ba ya nuna lokaci ɗaya, kullum sai an bi an tsinke da hannu, shi ya sa matasa suka guje shi. Abin da ya ba ni takaici, harawa a gona suke barin ta ta ruɓe. Na ce a gaya masa a Magarya da rani wannan dukiya ce. Har zuwa nan bakina tsab, na fara lissafin yadda zan tsaya gaban Yaya Malam ƙirji a buɗe.

Rana ta takwas Madam Hadiza da Kiyara suka tafi taro Feruja tun da safe, aka bar ni ba mai fassara. Na fito na ga mutane sun taru a gangaren bayan gida, inda inabi yake jere layi-layi. Maƙwabta ne, su bakwai ko takwas, kusan duk tsofaffi, kowa da almakashi da kwandon roba. Jino na ta nuna sama yana surutu, na duba, gajimare na haɗuwa ta bayan tafki. Ba sai an fassara mini wannan ba. Gayya ce, amfanin gona ya nuna, ruwa na tafe. Wane manomi ne zai zauna a inuwa mai masaukinsa na girbi? Na naɗe hannun riga, na karɓi almakashi, suka yi ta tafa mini.

A nan masu dariya za su yi dariya, ku yi. Na sha jin a karatu cewa ana matse inabi a yi giya. Amma a idona giya abar dawa ce da gero, ta masu burkutu, inabi kuwa ɗan itacen Aljanna ne, wanda muke gani a tire a Damagaram da azumi, kuma kullum shi ake kawo mana a tabur bayan abinci. Na ɗauka kasuwa za a kai. Wallahi ban haɗa karatun da gonar da ke gabana ba. Na yi aiki kamar gonata, ina yanka ina ɗaukar kwando biyu-biyu, har da 'yar waƙar noma, wata tsohuwa na amsa mini da abin da ba ta san ma'anarsa ba. Tun da na zo ƙasar ban ji daɗi irin na wannan hantsi ba.

Wajen azahar amalanken da tarakta ke ja ya cika, Jino ya yafito ni in raka shi a sauke. Ba hanyar kasuwa muka bi ba. Ya zagaya ƙasan gidan, ya buɗe wata babbar ƙofa da ban taɓa lura da ita ba. Warin ne ya fara dukana, tsami-tsami mai hawa kai. Ga manyan tankunan ƙarfe, ga gangunan katako a jere, ga inji a bakin ƙofa. Ya juye kwandon farko, wanda ni na yanka, injin ya murƙushe shi, jan ruwa ya bi tiyo ya shige tanki. Jino ya bugi tankin da tafin hannu, ya bugi ƙirjinsa, ya nuna ni, yana dariyar jin daɗi, wato bana har da hannuna a ciki.

Karatun da Yaya Malam ke yi mana ya dawo mini tiryan-tiryan, cewa ba mai sha kaɗai abin ya shafa ba, har mai matsewa da mai ɗauka. Kwana takwas ina gadin baki, ashe ta hannu za a shigo mini. Na fita ba sallama, na je famfo na wanke hannu har sau nawa ban sani ba, jan bai fita daga farcena ba. Na yi alwala, na yi azahar a gindin wani zaitun a gefen gonar, na zauna ina istigfari. Na ce wa kaina wanda ya wuce ban sani ba, Allah ba Ya kama bawa da rashin sani, daga yanzu ko ganye ba zan taɓa ba. Jino ya dawo ya yi mini magana, na girgiza kai. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙofar ɗakin giyar, na ga alamar ya gane. Bai matsa mini ba, ya ɗingisa ya koma layinsa.

Hadari ya taso sosai, iska ta fara kaɗa ganye, saura layi biyar ko shida. Da ni ke kwashe kwanduna zuwa amalanke, yanzu ba mai kwashewa, suka taru a tsakanin layuka. Tsofaffin nan suka riƙa ɗauka bibbiyu, suna tafiya suna hutawa. Ina zaune ina jan carbi ina kallon ƙasa don kada in gani, amma ina gani. Sai Asunta ta sunkuya ta rungumi kwando ita kaɗai. Ta yi taku huɗu a gangaren, ƙafarta ta zame, ta durƙushe a kan gwiwa, inabi ya watse. Ba ta kira kowa ba, ba ta ko dubi inda nake ba. Ta tsince shi ɗaya-ɗaya, ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwar na jini, ta sake sunkuyawa za ta ɗauka.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na karɓe kwandon na ɗora a ka, na kai amalanke. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce wannan kaɗai ne. Na dawo na ɗauki na gaba, da na gabansa, ina sane da inda za a kai su, ina ɗauka ina istigfari, har aka yanke layin ƙarshe. Muna rufe amalanke da tamfol ruwa ya kece, har da 'yar ƙanƙara. Jino ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, wannan karon bai sumbace ni ba. Da yamma Asunta ta dafa wake, na ci kaɗan, na kasa gamawa.

Da Madam Hadiza ta dawo na gaya mata. Ta ce liman bakina ya ce zai tambaya, bakina kuwa bai taɓa komai ba, ita shaida ce. Ta ce ba wanda ya ɗauki hoto, ba wanda zai kai labari Yekuwa, in rufe bakina in koma bakin aikina. Da wannan shawara na yi ta juyi a jirgi, da ita a kar, da ita a bayan ɗan kabu-kabu. Har na hango rumbunan garinmu ban san abin da zan yi ba.

Washegari bayan la'asar masallaci ya cika, har waɗanda ba su saba jam'i ba sun zo. Yaya Malam ya juyo ya fuskanci jama'a, ya tambaye ni ko na sha giya. Na ce ko ɗigo. Ya tambaya ko na ci alade. Na ce ban ci ba, Allah ne shaida. Aka yi ta alhamdu lillahi, fuskarsa ta saki, na ga ashe shi ma a tsorace yake tun tafiyata. Mutane suka fara neman takalmansu. Da na yi shiru minti ɗaya, da shi ke nan. Sai na tuna gobe da asuba ni zan tsaya in ɗora hannayen nan a kunnuwana, na ji ba zan iya ba. Na ce jama'a su dakata, akwai saura. Na faɗi komai yadda na rubuta shi a nan.

Yaya Malam ya ce na kafin sani babu magana a kansa. Na bayan sani kuwa tuba ake yi, ƙofarta a buɗe take, amma tana da sharaɗi, mutum ya yi nadama kuma ya ƙudurta ba zai koma ba.

"Idi, in aka mayar da kai gonar nan, tsohuwar ta sake faɗuwa, me za ka yi?"

"Zan ɗaga ta, Yaya Malam."

"Ita ba wanda ya hana ka ɗagawa. Kwandon nake tambaya."

Kalma ɗaya ake nema a wurina, wato a'a, kuma kowa a masallacin so yake in faɗe ta, har wani na zungurina ta baya. Na buɗe baki, sai na ga gwiwar nan da jini, da yadda ta sake sunkuyawa ba ta dube ni ba. Na ce masa ban sani ba.

Ya ce to in riƙe maganar, ranar da na sani in zo in gaya masa, kafin nan Malam Sale ya ci gaba da kira. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne a wurinsa abin da zan yi ke nan.

Yau wata huɗu ke nan. Na san hukuncin, ban yi jayayya da shi ba, kullum ina roƙon Allah gafara, ina kuma roƙon Ya ba ni zuciyar da za ta ce a'a da gaskiya. Wasu na cewa taurin kai ne, Hauwa ta ce in faɗa kawai mana, wa zai mayar da ni Italiya balle a gwada ni? Ita ma tana da gaskiyarta, amma ba zan karɓi ladanci da ƙarya ba. Har yanzu ina farkawa kafin lokaci, in yi alwala in zauna ina jiran Malam Sale, in ya makara in ji kamar in fasa ihu, abin na ci mini rai ba kaɗan ba. Jiya ma da muka fito daga la'asar Yaya Malam ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, ya riƙo hannun rigata.

"Idi, ka sani?"

Na ce masa tukuna.